Ranar da Na Je Ɗauko Baban Anju

Shekara ashirin da huɗu mijina ya yi a soja, ni kuma na yi su ina roƙon mazan mutane su yi mini huɗa. A ƙauyenmu Dungri mace ba ta kama garma. Za ta yi shuka, ta yi noma, ta yi girbi, ta hau itace ta saro wa ɓaunar gida da muke tatsa ganye, ta ɗora kwandon taki a ka ta haura tudu da shi, amma garma sai namiji. Saboda haka duk shekara idan ruwan farko ya sauka sai in bi gida gida, wannan in ce masa yaya, wancan in ce masa baba, in jira kowa ya gama tasa gonar, sannan a zo a yi wa tawa huɗar ganin dama.

Sunansa a takarda Darban Singh Bisht, hawaldar, wato saje mai igiya uku. Ni dai Baban Anju nake ce masa, da sunan 'yarmu ta fari. Ranar da ya yi ritaya mutanen gari suka tarye shi da ganga tun daga bakin titi, aka ɗauko masa akwatunan ƙarfensa biyu. Ya taɓa ƙafar mahaifiyarsa ya ce, "Maji, na dawo ke nan. Ba inda zan ƙara zuwa." Ina tsaye da butar shayi a hannu ya faɗa, da kunnena na ji.

Wata biyar ya yi a gida. Tun asuba yake tashi ya aske gemu, ya goge takalmi kamar mai zuwa fareti, sannan ya zauna a tsakar gida yana kallon duwatsu. Idan na fita daji yin ganye ya ce zai bi ni, in muka je ya rasa itacen da zai hau. Na ce a raina a bar shi ya huta, lokacin huɗa na zuwa. Har bijimi na saya, na haɗa da na yayansa don su zama biyu.

A bakin famfo na ji labarin. Pushpa, matar mai shagon garinmu, tana cika tulunta ta ce, "Sureshi, ashe Hawaldar Sahab zai koma kaki? Sai ki sake gyara bakin roƙo."

Na ce, "Wane kakin?"

"Au, ba ki sani ba? Na sojojin ko-ta-kwana mana. Tsofaffin sojoji ake ɗauka, su je su dasa itatuwa inda ƙasa ke zaftarewa. A shagonmu ya cika takardar, mijina ne ma ya ara masa biro."

Na bar tuluna a nan na hau gida. Na same shi yana gyara igiyar gado.

"Baban Anju, da gaske ne?"

Bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Ba yaƙi ba ne, Uwar Anju. Itace ne kawai. Kaphalsain ɗin nan, tafiyar rabin yini."

"Ban tambaye ka nisan wuri ba. Matar mai shago ta sani, mai shago ya sani, biro ma ya sani, ni ce kaɗai jaka a gidan nan?"

"Da ma zan gaya miki."

"Yaushe? Idan ka hau mota?"

Maji, surukata, tana zaune a rana tana tsince wake. Ta ce, "Ki ƙyale shi, 'yata. Ubansa ma haka yake, gida ƙaiƙayi yake yi masa." Na ce ai ita ɗanta ne, ni kuwa ba haifarsa na yi ba balle in yi masa uzuri.

Kwana goma sha biyu kafin ruwan farko ya tafi. Na sayar da bijimin, na koma roƙo. Shekarar nan ban amsa wayarsa ba sai idan Maji ta miƙo mini ita dole. Ya zo hutu sau biyu, na ba shi abinci, na wanke masa kaya, maganar da ta wuce "ga ruwa" da "ga gishiri" ba ta shiga tsakaninmu ba. A zuwansa na biyu ya rantse mini cewa bana shi zai yi huɗa, ya riga ya nemi izinin kwana goma, an kuma sa masa hannu.

Ruwa ya sauka ranar Litinin. Ranar Talata ya bugo waya ya ce an soke izinin kowa, wai wani babban mutum zai zo daga birni bikin dashen itace, sai an gama. Na ajiye wayar. Ranar Alhamis da sassafe na gasa gurasar tamba, na ƙulle ta a tsumma da ɗan man shanu, na ce wa Maji zan je in ɗauko ɗanta ko da kunne ne. Na sauka titi na shiga jif ɗin haya.

Rana ta take muka isa Kaphalsain. Ni 'yar tudu ce, na san yadda dutse yake idan ƙasa ta zaftare daga jikinsa: tsakuwa ce zalla, ko akuya ba ta tsayawa. Abin da na gani a nan ya sa na tsaya da ƙullina a hannu. Tun daga bakin rafi har can sama an jera katangun dutse hawa hawa, an haƙa ramuka layi layi, kowane rami da ɗan dashen banj a ciki, irin itacen da muke saro wa dabbobi ganyensa, an kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Na san nauyin dutse ɗaya. Na duba yawan katangun, na kasa ƙirgawa.

A ƙofar sansanin wani dattijo mai furfura a gashin baki ya tsayar da ni. Na gaya masa ko ni wace ce. Ya haɗa hannu ya ce, "Ashe ƙanwata ce. Ni ne Subedar Kundan Singh, Darban a ƙarƙashina yake. Kin zo ranar da ba ta dace ba, amma shigo. Ki zauna can bayan rumfa, kada ki fito sai an watse."

Muna tafe na ga wani fili a tsakiyar gangaren, an baje shi fes, ƙasar ja sabuwa, an kafa ƙatuwar rumfa mai launi a rabinsa, an bar rabin fayau. A gefen filin an tara ƙasa da duwatsu, ga kawunan dashe suna leƙowa daga cikin tarin, wasu saiwarsu a sama.

Na ce, "Subedar Sahab, wannan fa?"

Ya kau da kai. "Wurin ajiye motoci. Shekaranjiya aka kawo katafila."

"Akwai dashe a wurin?"

"Ɗari huɗu da wani abu. Na rukunin mijinki ne. Bara da damina suka dasa, duk ranin nan a jarka suke ɗauko musu ruwa daga rafi, a baya." Sannan ya ce, "Umarni ne daga sama, ƙanwata. Kada ki tambaye ni."

Na zauna bayan rumfar a kan wani buhu. Ta tsakanin labule ina hango su. Mutum kusan sittin a jere cikin kaki, ba wanda bai haura arba'in ba, wasu da sanƙo, wasu da tumbi, duk sun ƙame a rana. Wani mai dafa abincin sansanin da ke kusa da ni ya ce mini tun ƙarfe tara suke tsaye. A gaban rumfar an jera itatuwa dogaye masu ganye shar, tsayin mutum. Na matsa na duba gindin ɗaya, sai na ga bakin tukunyar roba a ƙarƙashin ƙasa. Daga birni aka kawo su a babbar mota, aka binne su da tukwanensu.

Sai wajen ƙarfe biyu motoci suka iso, guda tara, suka yi layi a kan filin. Babban mutumin ya fito cikin fararen kaya, Ciyaman Sahab ake ce masa, ban san ciyaman ɗin mene ne ba, har yau ban tambaya ba. Aka rataya masa furanni har wuyansa ya ɓace. A nan na ga mijina. Ba ya cikin layi. Yana bayan mutumin, ya riƙe masa lema da hannun dama, hannun hagu da buta, ga tawul a kafaɗa. Lambobinsa duk suna ƙirjinsa, har da wadda aka ba shi shekarar da sanyin kan iyaka ya cinye masa yatsun ƙafa biyu.

Ciyaman ya tsuguna da ƙyar, aka miƙa masa ɗan cebur mai ado, ya zuba ƙasa sau ɗaya a gindin itacen tukunya. Masu hoto suka ce a sake, ya sake. Ya miƙo hannu ba tare da ya waiga ba, mijina ya zuba masa ruwa. Ruwan ya ɗan fantsama a takalminsa. Wani ɗan gayu mai baƙin tabarau, sakatarensa, wanda a haife mijina ya haife shi, ya daka masa tsawa.

"Kai tsoho, makaho ne kai? Goge masa mana!"

Na ga wuyan Baban Anju ya ƙame. Ya dubi wajen Manjo, shugaban sansanin. Manjo ya dubi ƙasa. Sai mijina ya sunkuya, ya sa tawul ya goge takalmin.

Na miƙe. Mai dafa abinci ya riƙe mini gefen mayafi ya ce, "Yaya, don Allah." Na koma na zauna.

Aka ba Ciyaman lasifika. Ya yi magana a kan kansa, da mahaifinsa, da yadda yake son itace tun yana yaro. Ya nuna gangaren da hannu ya ce duk wannan tunaninsa ne. Sannan ya juyo wajen mutanen da ke tsaye a rana ya yi murmushi.

"Waɗannan 'yan'uwa namu kuma," in ji shi, "da suna can ƙauyukansu suna cin fansho, suna karta da shan giya, suna damun matansu. Mu muka tausaya muka samo musu abin yi. Ina fata za su riƙe amana."

Mutanensa suka yi dariya, suka tafa. A cikin layin ba wanda ya motsa.

Ban san lokacin da na ɗage labulen ba. Na dai tsinci kaina a gaban rumfar, ƙullin gurasata a hannu, ina cewa, "Ciyaman Sahab! Tsaya, ina da tambaya."

Ya ɗauka gaisuwa na zo yi. Ya ce, "Faɗi, Mama, faɗi."

"Ni ba mamarka ba ce. Da ni na haife ka da ka san yadda ake yi wa manya magana. Wanne daga cikin itatuwan nan ka ɗauko wa ruwa? Nuna mini ɗaya. Ɗaya tak."

Sakataren ya taso yana cewa, "Wace ce wannan? Wa ya bar ta ta shigo?"

Na ce, "Kai ɗan tabarau, koma ka zauna, zan zo kanka. Ni matar wancan ce da ya riƙe lema. Shekara ashirin da huɗu yana kan iyaka cikin ƙanƙara lokacin da kuke kwance a ƙarƙashin fanka. Ubansa ya mutu ba ya nan. 'Yarsa ta yi tafiya, ta yi magana, ta shiga makaranta, ba ya nan. Ya dawo, ya sake bar mini gona ba huɗa ya zo nan yana ɗaukar dutse, ni da shi ba ma ko magana saboda haka. Wannan tsakanina da shi ne, ni ke da ikon zaginsa. Kai a wa? Ka taɓa ganinsa da kwalba?"

Ciyaman ya ce, "Haba, wasa ne, ba a fahimce ni ba..."

"Wasa? Motocinka ma wasa ne? Ka san abin da ke ƙarƙashin tayarsu?" Na tafi wajen tarin ƙasar, na zaro dashe ɗaya da saiwarsa, na kawo na ajiye a kan teburin da ke gabansu, kusa da kwalaben ruwansu. "Ga shi. Shekararsa ɗaya. A baya aka goyo masa ruwa. Kun kashe ɗari huɗu irinsa don ku zo ku dasa tukunya. Ku tona gindin wancan ku gani in ƙarya nake yi!"

Wani daga cikin masu hoto ya yi dariya, ya toshe baki. A cikin layin sojojin na ji wani ya yi tari irin na wanda ke danne wani abu. Na ɗaga hannu ina nuna sakataren zan fara da shi, sai na ji an kama ni a damtse. Baban Anju ne. Ya ajiye lemar a ƙasa, Ciyaman yana tsaye a rana.

A hankali ya ce, "Ya isa. Mu je."

Bai sake ni ba sai da muka fita ƙofa muka kai rumfar mai shayi a bakin titi. Ya zaunar da ni a benci, shi ya tsaya. Fuskarsa ta yi baƙi.

"Kin san abin da kika yi? A gaban Manjo Sahab. A gaban mutanena."

"Na san abin da kai ka yi. Ka goge takalmi."

"Umarni ne."

"Wa ya ba ka umarnin? Yaron can mai tabarau soja ne?"

Mai shayi ya ajiye mana kofi biyu ya koma can nesa yana goge abin da ba ya bukatar guga.

Na ce, "Wannan ka bar gida dominsa? Gaya mini in ji. Ni na kasa riƙe ka, amma lema ta riƙe ka?"

Ya zauna. Ya daɗe yana juya kofin, sannan ya ce, "Wata biyar na yi a gidan nan, Uwar Anju. Ban san inda lauje yake ba. Ɓaunar ba ta yarda in tatse ta. In mutum ya zo da magana sai ya gaishe ni, sannan ya ce ina Sureshi. Komai kin riga kin yi kafin in tashi tsaye. Baƙo ne ni a can, baƙon da ba ya tafiya. A nan kuwa in na ce a ɗaga dutse, mutum goma za su ɗaga."

"To laifina ne da na riƙe maka gida?"

"Ban ce laifinki ba ne."

"Da ka buɗe baki ka faɗa, da na nuna maka inda lauje yake. A bayan ƙofa yake, shekara ashirin da huɗu a nan yake."

Ya kusa yin dariya, ni kuwa ban ga abin dariya ba. Na kwance ƙullin na tura masa gurasar. Ya ci uku a jere, ashe tun safe bai sa komai a bakinsa ba. Na dubi hannuwansa, duk sun tsage, farcen babban yatsa ya fita.

Muna nan motocin suka fito ɗaya bayan ɗaya, ko abincin da aka dafa musu ba su tsaya ci ba. Can sai ga Subedar Kundan Singh. Ya tsaya a kanmu ya gyara murya.

"Hawaldar Darban, Manjo Sahab ya ce an ɗage izininka da mako biyu, saboda ka kasa tsawatar wa iyalinka. Dole ya rubuta wani abu, ka gane." Sannan ya juyo gare ni, ya haɗa hannu har goshi. "Ƙanwata, mutanena sun ce in tambaya ko kina da ƙanwar da ba ta yi aure ba."

Na ce, "Ka gaya musu su ji kunya. Maza sittin, sai mace ta zo daga Dungri ta yi magana?"

Ya ce, "Mu kaki ya ɗaure mana baki."

"To ai bai ɗaure muku hannu ba. Waɗancan da ke cikin tarin ƙasa, wasu ba su mutu ba. Na ga masu ɗanyen ganye."

Jif ɗin ƙarshe na komawa wajenmu sai ƙarfe biyar. Kafin lokacin muka koma ciki, su da cebur, ni da hannu, muka tone tarin. Muka fitar da tamanin da bakwai masu sauran rai, aka nannaɗe saiwarsu da jiƙaƙƙen buhu aka kai inuwa. Manjo ya zo ya tsaya daga nesa yana kallo, bai ce a bari ba, bai kuma matso ba. Na so ya matso.

Baban Anju ya zo gida bayan mako biyu kamar yadda aka ce. Ya ari bijimai ya yi huɗar, layinsa a karkace, maƙwabta suna tsaye a kan katanga suna yi masa tsiya. An riga an makara, tambar ba ta yi kyau ba a shekarar. Da wa'adinsa ya cika ya ƙara shekara biyu, amma wannan karon a tsakar gida ya zaunar da ni ya faɗa mini kafin ya cika takarda. Na ce ban yarda ba. Ya tafi, na kuma ci gaba da amsa wayarsa, don in ya yi nisa ba ni da wata hanyar yi masa faɗa.

Ana cikin daminar shekarar da na je Kaphalsain, Pushpa ta hau har gida da wata tsohuwar jarida da aka ƙunso wa shagonsu sabulu a ciki. Ta ce, "Sureshi, kin zama babbar mace, ga ki a jarida." Na karɓa. Ga Ciyaman da furanninsa, ga itacen tukunya, ga ni a gefe na ɗaga hannu, bakina a buɗe. Ban iya karatu sosai ba, na ce ta karanta mini abin da aka rubuta a ƙasa. Ta karanta tana dariya har da hawaye: wai wata mata daga ƙauye tana sa wa babban baƙo albarka.

Na tambaye ta inda ofishin jaridar yake. Ta ce a birni, tafiyar yini guda da rabi. Na ce ta rubuta mini sunan unguwar a takarda, bayan girbi ina da lokaci.